Waƙar da Ake Kallo

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun da ke gefen garin Birnin Kudu, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin Dutsen Mesa ko Dutsen Habude, lalle ya ga zanen shanu a jikin dutse, waɗansu da dogayen ƙahoni kuma babu tozo a bayansu, waɗanda mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa suka zana tun zamani mai nisa ƙwarai. A nan kusa da zanen kuma akwai waɗansu duwatsu da in an ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su amsa da ƙara kamar ta kuge, kowane gurbi da irin muryarsa. A watan Yuni na 1955 ne Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya tsaya a kansu, ya kuma bayyana wa duniya labarinsu a shekarar da ta biyo, yana mai lura da cewa inda aka sami zane, galibi akan sami dutsen kiɗa a maƙwabtaka da shi.

Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san cewa haɗa abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji tsohuwar sha'awa ce a zuciyar ɗan Adam. Samarin da kake gani a tashar Birnin Kudu ko a rumfunan kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, sun haɗa kai huɗu ko biyar a kan wayar hannu ɗaya suna kallon mawaƙi yana rausaya, magada ne ga wata ɗabi'a da ta girmi kakanninsu, ko da yake kayan aikin sun sake. Abin da suke kallo shi ake kira bidiyon waƙa, wato ɗan gajeren hoto mai motsi, na minti uku zuwa shida a galibi, wanda aka ɗinka a jikin waƙa guda, ya fara da farawarta ya ƙare da ƙarewarta.

A ƙasashen Turawa asalin abin talla ne. Tun cikin shekarun 1940 akwai waɗansu akwatuna a gidajen cin abinci na Amurka da ake jefa musu kuɗi su nuna mawaƙi na 'yan mintoci, Faransa ma ta yi irin nata mai suna Scopitone wajen 1960. Amma al'amarin bai zama sana'a mai cin gashin kanta ba sai da aka buɗe tashar talabijin ta MTV ranar 1 ga Agusta, 1981, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna waƙoƙi, har ya zama kamfanin da bai yi wa mawaƙinsa hoto ba, faifansa ya kwana a kanti. Shekara biyu bayan haka Michael Jackson ya fitar da Thriller, wanda John Landis ya ba da umarni, mai tsawon kusan minti 14, da labarinsa da 'yan wasansa kamar ƙaramin fim, daga nan masu sana'ar suka gane cewa waƙa tana iya ɗaukar hikaya sukutum a bayanta.

Mu kuwa ta wata ƙofa dabam abin ya shigo mana, kuma wanda bai san ƙofar ba ba zai fahimci abin da yake kallo ba. A da, mawaƙin Hausa ba ya bukatar kowa ya yi masa hoto, domin harshensa shi ne majiginsa: in Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya wasa basarake, ko Alhaji Mamman Shata ya siffanta direba a kan hanya, mai sauraro yakan ga doki da rawani, ya ga ƙura da mota, alhali idonsa a rufe yake. Saboda haka ko da gidajen talabijin na Kaduna da Kano suka fara ɗaukar su, iyakar abin da ake yi shi ne a kafa kyamara a gabansu, ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga mai waƙa a tsakiya, a bar magana ta yi aikinta. Waɗannan tsofaffin hotuna, waɗanda yanzu suke yawo a wayoyi dishi-dishi, ina ganin sun fi ƙarfin a raina su, domin a cikinsu ne kaɗai jikokinmu za su ga yadda Shata, wanda ya rasu a 1999, yake ɗaga hannu ya tsayar da kalangu, da yadda Ɗan Maraya Jos yake rungume kuntiginsa.

Wanda ya koya mana sanya waƙa cikin labari, a canza tufafi, a fita lambu, shi ne fim ɗin Indiya. Tun fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, Indiyawa suka cusa waƙoƙi bakwai a ciki, ba su kuma saki wannan hanya ba. Da 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima a Kano suka shiga kawo finafinan Indiya, sai Bahaushe ya ga mutane masu rawani da mayafi, masu kunyar surukai, masu fama da auren dole da talauci, ya ji kamar labarin gidansu ake ba shi. Daga wurinsu muka ɗauko babbar ƙa'idar nan ta raba murya da fuska, wato wani ya rera a ɗakin ɗaukar sauti, wani ya motsa baki a gaban kyamara, kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka shekara da shekaru suna ara wa jarumai muryoyinsu. Karin waƙoƙin ya shiga jinin mutane har ya kai ga waɗansu 'yan bandiri a Kano, da ake kira Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗora begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan waɗannan karuruwa.

Sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka buɗe babin finafinan Hausa na kaset, sai waƙa ta sami sabon gida, musamman da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, na'ura ɗaya mai kwaikwayon ganga da sarewa da goge, yaro ɗaya ya zauna a kanta ya yi aikin makaɗa goma. Fim ɗin Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano cewa waƙa ce ke sayar da fim, domin waƙarsa ta riga shi isa ƙauyuka, 'yan mata na rera ta a dandali tun ba su ga hotonta ba. Daga nan al'amari ya juye, har akan buga waƙoƙi tukuna sa'an nan a nemo labarin da za a rataya su a jikinsa. Da tafiya ta yi nisa sai aka fara tattara waƙoƙin zalla a faifai ɗaya, mawaƙan da ke bayan labule, irin su Nazifi Asnanic da Fati Nijar da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, sunayensu suka fito fili, waɗansunsu ma suka tsaya gaban kyamara da kansu. Bilhasali dai, bidiyon waƙar Hausa ɗan fim ne da aka yaye, shi ya sa har yanzu kamannin uwarsa ba su bar fuskarsa ba.

Wannan gado shi ya haifar da ƙa'idojin da mai kallo ya saba da su har ba ya lura. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar masa, su haɗu a amshi. Kowane baiti da kayan da za a sa masa, ta yadda jaruma za ta fara da atamfa, ta koma leshi, ta ƙare da doguwar riga, alhali maganar da take yi wa masoyinta ba ta yanke ba. A baya ga 'yan rawa cikin anko, a gefe ga furanni ko bakin ruwa ko kan dutse. Amma ƙa'idar da ta fi kowace nauyi, wadda ta bambanta namu da na kowa, ita ce tazarar da ke tsakanin namiji da mace: za su yi ta kewaya juna, ya matso ta ja baya, ta juya ya bi ta da ido, amma hannu ba ya taɓa hannu.

Tazarar nan tana da tushe a al'ada da addini, tana kuma da hukuma a bayanta. Saɓanin malamai a kan kiɗa da waƙa tsoho ne, har Imamu Gazali ya keɓe wa mas'alar sauraro babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin. To, ina ga an ƙara da surar mace tana rawa? Bayan kafa shari'a a Kano aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, a watan Oktoba na 2016 kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta bayyana a bidiyon mawaƙi ClassiQ suna taɓa juna, ko da yake daga baya an yafe mata. Kowa da ra'ayinsa a kan tsananin waɗannan hukunce-hukunce. Abin da ni na gani shi ne, ƙuntatawar ta tilasta wa masu hikima daga cikin daraktoci su nemo wata balaga ta hoto: sunkuyar da kai, gyara mayafi, murmushin da aka ɓoye a tafin hannu, waiwaye ɗaya a bakin zaure. Bahaushe ya san ma'anar kowane ɗaya daga cikinsu, domin da su iyayensa suka yi zance, kuma sukan faɗi abin da runguma ba za ta faɗa ba.

Wajen ba da labari kuwa, salon da ya fi yawa shi ne na mafarki. Saurayi yana zaune a shagonsa ko a kan babur ɗinsa, ya hango yarinya, sai hoto ya narke, ga shi cikin shadda a gidan bene, ga ta a gefensa. Waƙa na ƙarewa ya farka. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa wannan salo ya ƙi mutuwa, na kuwa ga cewa yana ba talaka minti biyar na sarauta ba tare da an yi masa ƙarya ba, tun da an gaya masa tun farko cewa mafarki ne. Akwai kuma mai ɗauke da labari cikakke, inda za a ga haɗuwa, da shigowar mai kuɗi, da ranar ɗaurin aure, da wanda aka bari yana hawaye a bayan taro, duk ba a furta kalma ɗaya ba ban da waƙar. Wannan shi ya fi wuya, domin tilas kowane hoto ya zo daidai da baitinsa, kada ya riga shi kada ya makara. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya buɗe tasa hanyar ta barkwanci, yana ɗaukar waƙar da ta yi tashe ya juya ta ta zama abin dariya. Sha'irai masu bege nasu hoton bai cika wuce koren ƙubbar Madina da taron Maulidi da sahun masu zikiri ba, haka kuma ya dace da maƙasudinsu. Mawaƙan siyasa irin su Dauda Kahutu Rarara kuwa, hotonsu hujja ce ake kafawa: ga titi, ga gada, ga cincirindon jama'a.

Sa'an nan waya ta zo ta sauya kome. Faifai ya mutu, kasuwarsa ta koma hannun masu tura waƙa a memori, waɗanda babu tashar mota ko kasuwar ƙauye da ba su kafa teburi da kwamfuta ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riƙa jera waƙoƙi a shirinta na Zafafa Goma, YouTube ya ba mawaƙi damar isa Yamai da Kumasi da Jidda a rana ɗaya. A 2020, lokacin kullen annoba, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna wani sabon abu, domin matan aure ne suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawarta a gaban mazajensu suna sakawa a intanet, har aka yi ta muhawara a kai. Ma'ana, mai kallo ya karɓe kyamara, waƙa ɗaya ta sami hotuna barkatai waɗanda mai ita bai shirya ba.

Abin da ke damuna, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ƙasarmu ba ta cika fitowa a waɗannan hotuna ba. Mawaƙi zai tsara kalmomi masu daɗi da Hausa tsantsa, ya ambaci gero da damina da farin wata, amma in ka kalli hoton sai ka ga gidan haya mai tayil da motar aro da kujerun otal, waɗanda da za a cire sauti, ba mai iya cewa a Kano aka ɗauka ko a Legas. Kunne yana gida, ido yana baƙunta. Alhali yarinyar Gwaram da ke kallo a wayar yayanta tana da haƙƙin ta ga irin zauren gidansu da rumbunsu an ɗauke su da daraja, an haska su da kyau kamar yadda ake haska falon attajiri, domin abin da mutum ya saba gani an ƙawata, shi yake ɗauka abin so.

Ba kuwa wurare muka rasa ba. Wanda ya bi hanyar Gwaram zuwa Basirka da kaka, ya ga dammunan gero a jere a bakin gonaki da hasken la'asar a kan duwatsu, ko ya tsaya a kasuwar Sara sa'ad da ake sauke buhunan hatsi, ya san darakta ba ya bukatar ya ƙara kome. Duwatsun Birnin Kudu kuma suna nan a ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ita ake neman izini a wurinta. Ina fata wani daga cikin samarinmu masu kyamara ya nemi wannan izini, ya hau da mawaƙinsa da sassafe kafin iska ta tashi, ya ajiye fiyano a gida, ya sa yara uku ko huɗu su zauna a gurabun da hannayen mutanen da suka lotsa, su buga masa kiɗan, shanun nan marasa tozo suna bayansu a jikin dutse.