Jumlar Sharaɗi da Rukunin Umarni a Harsunan Kwamfuta

Masana nahawun Hausa sun daɗe da nuna cewa jumlar sharaɗi kashi biyu ce, wato sharaɗi da jawabinsa, kamar a ce "idan ruwa ya sauka, za a yi shuka." Wannan tsari shi ne ake samu a harsunan ba kwamfuta umarni, irin su Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da JavaScript na 1995. Kalmar *if* ita ce "idan", *else* kuwa "in ba haka ba". Sai dai "idan" ta Bahaushe takan ɗauki ma'anar jira, domin manomi zai dakata har ruwan ya sauka. Kwamfuta ba ta jira. Takan duba sharaɗin sau ɗaya, ta ga ya cika ko bai cika ba, ta wuce.

A ɗauka ana son fitar da sakamakon ɗalibai a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu. Za a rubuta: idan maki ya kai 70 a ba da A, in ba haka ba, idan ya kai 60 a ba da B, har zuwa ƙasa. Daga sama na'ura take bin sharuɗɗan, kuma da ta sami wanda ya cika ba ta duba sauran. Don haka duk wanda ya ɗora sharaɗin 40 a sama ya zalunci mai 85, tun da 85 ma ta kai 40.

Abin da ya fi wuya shi ne iyakar jawabi, musamman idan umarnin ya wuce ɗaya. Python kan sa ruwa-biyu bayan sharaɗi, sannan a shigar da layukan jawabi ciki, galibi da tazara huɗu. Layin da ya koma gefe ya fita daga rukunin. JavaScript kuwa da baka biyu yake killace rukuni, kuma in an bar bakan, umarni na farko kaɗai ne ke ƙarƙashin sharaɗi, kome shigar da aka yi wa na biyu ciki. Wannan sassauci, wanda ya gada daga harshen C, illarsa ta fi amfaninsa. A 2014 an gano layi ɗaya da ya maimaitu a manhajar Apple da aka rubuta da C, ba tare da baka ba. Na biyun ya riƙa aiki ba sharaɗi, har wayoyin iPhone suka riƙa tsallake wani mataki na tantance shafin da suke magana da shi.