Yaron Shago da Kuɗin Sallama

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari da hantsi zai ga samari 'yan shekara 14 zuwa 17 suna kai-komo. Wannan ya ɗauko dilar atamfa a ka, wancan yana jan baƙo zuwa shagon ubangidansa don ya samu kamasho. Haka abin yake a Singa da kasuwar Sabon Gari. Mu Kanawa ba ma ganin aibun wannan, kuma da gaskiyarmu, domin da yawa daga cikin attajiran da ake ji da su a yau da yaron shago suka fara. Yaron da aka damƙa wa makullin shago yana koyon riƙon amana da lissafi da iya magana da manya, yana kuma jin cewa shi ma mutum ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon lokacin aikin. Tun shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka lura cewa ɗalibin sakandare da ke aiki fiye da awa 20 a mako karatunsa kan ja baya, kuma ya fi tsaransa saurin faɗawa shaye-shaye. To yaron Kwari fa, da ke cinye awa 20 cikin kwana uku? Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, shi kuwa in an tashi kasuwa da magariba sai majalisa ko gidan kallon ƙwallo, don nan ne kaɗai yake shan iska. Ƙarancin barci kan jawo saurin fushi da mantuwa da ƙuncin zuciya. Malami ya ga gyangyaɗi ya ce lalaci ne, uwa ta ga ɗaure fuska ta ce raini ne.

Sai kuma kuɗin. A ganina wannan ya fi gajiyar haɗari, kuma shi ne aka fi kawar wa kai. Ranar da yaro ya fara miƙa wa mahaifiyarsa kuɗin cefane daga sallamar da aka yi masa, ranar bakin faɗa ke fara mutuwa a gidan. Wa zai tsawata wa mai kawo garin tuwo? Ya dawo tsakar dare a yi shiru, ya daina zuwa Islamiyya a ce ai yana nema. Ga kuɗi a aljihu, ga hankalin ɗan shekara 15, ga abokan zama da suka girme shi nesa ba kusa ba. Idan kuma kasuwa ta yi tsit, nauyin gida da aka ɗora masa tun bai kai ba ya zame masa damuwa, ya rasa wanda zai faɗa wa.

A nan ƙwaya ke samun ƙofa. Mai dako zai ce masa tiramadol "maganin ƙarfi" ne kawai. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma hakan bai kawar da gajiyar da ke sa yaro neman abin sha ba. Wasu ƙarshensu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana a sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin da ya wuce awa 8 a rana, ko awa 4 a jere. Sai dai jami'in ƙwadago ba ya zama a shago, ubangida ne ke zaune.

Don haka Alhaji, yaron nan da aka kawo maka amana ne. Ka sake shi ya je makaranta, ka riƙa adana masa wani kaso na sallamarsa har ranar da za ka yaye shi, kuma in ka ga idonsa ya sauya ko ya faye shiru, ka kira mahaifinsa tun da wuri.