Idan Likita Ya Ce A Cire Mahaifa

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ba a yinta a tsakar gida sai da raɗa, wato maganar cire mahaifa. Da likita ya ambace ta, sai ki ga mace ta ja mayafinta ta fice, ba za a sake ganinta a asibiti ba sai an kawo ta ranga-ranga.

Na san wata baiwar Allah mai 'ya'ya shida, ta haura shekara 40. Shekara uku tana fama da zubar jini, har ta kai ko tsakar gida ta share sai haki. Da aka duba, aka ce ƙari ne ya cika mata mahaifa. Ita wuƙar likita ba ta dame ta ba. Abin da ya hana ta barci shi ne kada a ce ta tashi daga mace, maigida ya juya mata baya, kishiya ta sami abin gori. Sai da aka yi mata ƙarin jini sau biyu kana ta yarda. Yau ga ta nan garau, tana sana'arta.

To, ga gaskiyar al'amarin. Wadda aka cire wa mahaifa ta yi sallama da haila da ɗaukar ciki har abada. Amma zaman aure yana nan yadda yake, in ta warke. Idan an bar mata 'yan jakunkunan ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, jikinta zai ci gaba da samun sinadarin da ke riƙe shi. Idan kuwa an haɗa da su, tana iya jin zafin jiki da gumi irin na matan da haila ta ɗauke musu, kuma akwai magani. Wadda aka tsaga wa ciki takan buƙaci hutun mako shida zuwa takwas, ba daka, ba jan ruwa a rijiya.

Kafin ki sa hannu a takarda, 'yar'uwa, ki tambayi likita abu uku. Mene ne ainihin ciwon? Akwai wata hanya? Za a bar jakunkunan ƙwan? Sau da yawa ana iya cire ƙarin kaɗai a bar mahaifa, musamman ga mai son haihuwa. Ƙari kuma yakan motse da kansa bayan haila ta ɗauke. Amma in sankara ce, jinkiri hasara ne. Ki tafi da maigida, ya ji bayani da kunnensa, don kada 'yan ba-ni-na-iya su riga likita.

Akwai kuma wadda ba ta samun zarafin shawara. Doguwar naƙuda a gida takan fasa mahaifa, wani lokaci dole a cire ta nan take don a ceci rai. Awon ciki da zuwa asibiti da wuri su ne maganin wannan.

Ku kuma 'yan makaranta, a shekarar 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa. Ku gaya wa iyayenku, rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.