Dokar Rangwamen Haraji da Masaƙun Kakuri

Wanda duk ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, zai iske unguwar Kakuri, inda masaƙu suka ciyar da dubban magidanta a da. Asalin wannan arziki kuwa doka ce.

Cikin shekarar 1952 Gwamnati ta kafa dokar taimakon sababbin masana'antu, a 1958 aka sabunta ta. Ma'anarta ita ce, wanda ya kafa masana'antar da ƙasa ke bukata, a ɗauke masa harajin riba har shekara biyar, domin attajiri ba ya zuba dukiyarsa inda haraji zai cinye riba tun ba ta nuna ba.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, ta haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da kamfanin David Whitehead na Ingila. Audugar Funtuwa da Gusau, wadda a da akan kai Ingila a saƙa, a dawo da ita da tsada, sai ga ta tana zama akoko a gida. Daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo. Manomi ya sami mai saye, ɗan kasuwa ya sami haja, matasa suka sami albashi.

To, amma daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, lantarki ya yi ƙaranci, yadin sumoga ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Gwamnatin Tarayya ta ware asusun rance na naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, har UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba.

Abin lura ga malamai da 'yan kasuwa shi ne, rangwamen haraji da rance sukan kafa masaƙa, amma ba su riƙe ta. Muddin ba wuta, ba kyakkyawan irin auduga, iyaka kuma a buɗe, yadin gida ba zai yi arahar da zai ja mai saye ba. Wajibi ne masu tsara sabuwar doka su fara daga nan.