Shirin Musamman: Kullallun Sassa a Ma'adanar Na'ura

Yau shirin namu zai leƙa cikin ma'adanar filash, ɗan guntun nan da ke riƙe da komai a waya da kwamfuta ko da an ɗauke wuta.

Babbar manhaja, irin su Linux da Android, ba ta taɓa ma'adana da hannunta. Akwai ƙaramar manhaja a tsakani, wadda injiniyoyi ke kira direba, ita ke kai saƙon karatu da rubutu da gogewa. Sai dai ba ko'ina ake son hannunta ya kai ba.

Ɗauki eMMC, ma'adanar da ke cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi. Ban da babban filin hotuna da manhajoji, tana da sassa biyu na tada na'ura. Linux kan bar su a kulle tun farko, karatu kawai. Mai son rubutu a ciki sai ya cire kariyar da gangan. Dalili kuwa, kuskure ɗaya a nan ya isa waya ta ƙi tashi.

Sashe na gaba ya fi tsauri, wato RPMB, wanda ƙungiyar JEDEC ta shigar cikin ƙa'idar eMMC a 2009. Mabuɗinsa sau ɗaya tak ake rubuta shi, ba a karanto shi, ba a sauya shi. Duk rubutun da zai shiga sai ya zo da hatimin wannan mabuɗi da lambar ƙirge mai hawa kullum, don kada wani ya kwafi tsohon saƙo ya sake aikawa. A nan direba ɗan aike ne da aka ba wasiƙa a liƙe: ya kai, ya karɓo amsa, ba ruwansa da abin da ke ciki. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano sun san zancen: ka ciro ma'adana daga wata waya ka dasa a wata, sau da yawa ta ƙi, domin mabuɗin na ƙwaƙwalwar tsohuwar wayar ne.

To, me ke faruwa idan direba ya wuce gona da iri? A 2012, wasu wayoyin Samsung, ciki har da Galaxy S II, sun riƙa mutuwa murus idan aka aika wa ma'adanarsu wani umarnin gogewa. Maganin da Linux ta yi shi ne sa direba ya duba sunan ma'adanar, idan tana cikin masu matsalar ya fasa aika umarnin.

A ƙarshen 2017 kuma, direban intel-spi da ke cikin Ubuntu 17.10, wani nau'in Linux, ya kulle ma'adanar BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta, a wasu kwamfutocin Lenovo. Mutum ya sauya saiti, ya kashe ya kunna, ya tarar babu abin da ya zauna. Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, ya janye manhajar, ya fitar da gyararriya a Janairun 2018 da direban a kashe.

Duka biyun abu guda suka koyar: hoton da ya ɓace ana iya samo shi wurin wani, amma sashen da ke tada na'ura in ya lalace, gyaransa kan yi wuya ƙwarai, wani lokaci sai da kayan aiki na musamman. Shi ya sa direba nagari ke tambayar ma'adana abin da aka kulle kafin ya rubuta, in ta ƙi, ya mayar da amsar ƙin, ba tare da ya tilasta ba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.