Haƙar Gaiwa a Busasshiyar Fadamar Haɗejiya

Shirin musamman na yau yana magana ne a kan haƙar gaiwa a fadamar Kogin Haɗejiya, wato yadda ake gano kifin da ya binne kansa a cikin laka bayan ruwa ya janye, aikin da ya fi kama hannu a ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, lokacin da taɓo ya daina riƙe ƙafa amma zafin bazara bai gama ƙanƙame ƙasa ba.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, wanda idan ya shigo gabashin Jihar Jigawa yakan tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsoffin tuddan yashi, sai ya rarrabu gida-gida: akwai reshen Kafin Hausa, akwai tsohon Kogin Haɗejiya, akwai Burum Gana, akwai kuma mashigar Marma da ke kai ruwa Tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga wannan yawo yakan haɗu da Kogin Jama'are kafin Gashuwa, daga nan ya zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Ambaliya takan kai ƙololuwa tsakanin Agusta da Satumba, ta malale ƙasar Auyo da Kiri Kasamma da Guri, sannan ta fara ja da baya a kaka, ta bar tafkuna da kududdufai waɗanda ke ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Karfasa da kawara kan bi ruwa su koma kogi ko su ƙare a komar masunta, tarwaɗa takan jure a ɗan taɓon da ya rage, gaiwa kuwa ƙasa take shigewa.

A ƙasashen sanyi akwai wani nema da ke faɗowa a daidai wannan lokaci na shekara, kuma kwatanta shi da haƙar gaiwa yana fito da asalin gwanintar fili. A Turai da Arewacin Amurka akwai dabbobi masu kama da barewa, amma danginsu daban, waɗanda mazansu ke ɗauke da ƙaho mai rassa na zallar ƙashi. Idan lokacin barbara ya wuce, sinadarin namiji da ake kira testosteron ya ragu a jini, sai gindin ƙahon ya zaizaye ya faɗi da kansa, galibi tsakanin Janairu da Afrilu, wani sabo ya tsiro a madadinsa. Mutane kan fita tsintar waɗannan ƙahoni, har ma a garin Jackson na Jihar Wyoming a Amurka ana gwanjonsu duk watan Mayu. Gwanayen tsintar ba sa yawon a-dace a daji. Sukan nufi makwancin dabbobin, da wurin kiwonsu, da bakin shinge ko rafi inda tsalle ke girgiza ƙahon da ya riga ya yi sako-sako. A ƙasar Hausa babu mai tsintar irin wannan, domin ƙahon barewa da gada da mazo da gwanki kube ne na irin sinadarin farce da kofato a kan ƙashin da ke manne da kai, ba ya faɗuwa sai dabba ta mutu, kuma a duk Afirka dangin masu zubar da ƙaho ba su da asali sai a dazukan tsaunukan Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya. Abin da ya haɗa mai tsintar ƙaho da mai haƙar gaiwa shi ne cewa kowannensu yana aiki da sanin inda dabbar ta zauna a watannin baya, ido kuwa sai daga ƙarshe yake shigowa.

Gaiwa, wadda masana ke kira Protopterus annectens, wadda kuma masanin Ingila Richard Owen ya bayyana ta a 1839 daga samfurin da aka kai masa daga Gambiya, tana cikin jinsuna 6 kacal na kifi mai huhu da suka rage a duniya: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya. Doguwa ce mai santsi, takan kai kusan mita 1, tana da siraran gaɓoɓi huɗu a maimakon fiffiken da aka saba gani a jikin kifi, kuma dole ne ta riƙa tasowa saman ruwa tana shaƙar iska, har ma idan aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa takan mutu. Idan ruwa ya fara ƙaranci sai ta dinga cizon laka da baki tana fitar da ita ta ramukan kumatunta, ta nutsa ƙasa, sau da yawa abin da bai wuce taƙi ɗaya ba, sannan ta lanƙwashe jikinta biyu, kai yana kallon sama, wutsiya ta rufe fuska. Muddin akwai sauran ruwa a ramin takan hau ta shaƙi iska ta koma. Idan ya ƙafe, majinar da fatarta ke fitarwa takan bushe ta zama kwanso da ya lulluɓe ta gaba ɗaya, ban da 'yar ƙofa a daidai baki, inda iska ke shigowa ta hanyar da ta haƙa.

Bahaushe ya daɗe yana cewa gaiwa jikinta take ci, kuma ilimin zamani bai ƙaryata shi ba, sai dai ya gyara masa fahimta. Ba ta gatsar kanta da haƙori. Jikin ne ke rage aikinsa matuƙa, bugun zuciya da numfashi su yi ƙasa, ya koma narkar da tsokarsa a hankali don samun abin rayuwa. Dattin da wannan narkewa ke haifarwa, wato ammoniya, guba ne da kifi kan zubar a ruwa, to da yake babu ruwan sai gaiwa ta mayar da shi yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, ta tara a jiki har damina ta dawo ta wanke shi. A daji watanni take yi a haka, amma a ɗakin bincike an ga ta wuce shekara 3. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwanson nan ma yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin garkuwar jiki masu kare ta daga cuta, alhali a da ana ɗaukar sa busasshiyar majina kawai.

Daga wannan hali na kifin ne duk dabarar nema ta samo tushe, shi ya sa koyon ke farawa tun damina, a cikin kwalekwale ko a kan gora, lokacin da yaro ke biye da mahaifinsa yana lura da wuraren da gaiwa ke leƙowa ta haɗiyi iska. Ba kifin tsakiyar kogi ba ce; ta fi son ruwa marar zurfi, marar gudu, mai cunkoson ciyawa irin su burgu da roba da bado, inda take samun katantanwa da ƙananan kifaye da kwaɗi, inda kuma namiji ke gadin sheƙar ƙwai. Wanda ya riƙe waɗannan wurare a ka ya rage wa kansa rabin wahala. Wanda ya zo bayan ruwa ya tafi kuwa sai ya karanta abin da ruwan ya bari: zanen da ambaliya ta yi a jikin giyayya da gabaruwa, wanda ke nuna iyakar zurfinta, da busassun ganyen bado da suka kwanta a ƙasa, da tarin kwanson katantanwa, da bambancin baƙar laka mai tsagewa da jigawa mai yashi. Yashi rubzawa yake yi, ba ya riƙe rami, don haka gwani ba ya ɓata lokacinsa a kansa.

Sai an isa wurin da ya dace sannan aikin ido yake farawa, kuma a nan ne sabon shiga ke shan wahala, domin fadamar rani cike take da ramuka. Akwai na ɓera da gafiya, akwai na gyare, akwai na kwaɗin da su ma ke binne kansu, ga sawun shanu da ya bushe ya yi zurfi, ga tsagar ƙasa da maciji ke fakewa a ciki. Ramin ɓera an tone shi ne a busasshiyar ƙasa, saboda haka akwai ɓarɓashi a bakinsa da sawu a kewaye. Na gaiwa an yi shi ne tun laka tana ɗanya, bakinsa a shafe yake, kuma sau da yawa a toshe yake da ɗan murfin laka da ya ɗan ɗago sama da ƙasar da ke kewaye, mai ƙananan tsaga da iska ke bi. Irin wannan ɗan tudu ba ya nuna kansa da tsakar rana. Da hantsi ko da la'asar, sa'ad da haske ke zuwa a karkace, ƙaramar inuwarsa ke tona shi, ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri kuwa har inuwa ta ɓace, gwani ma yakan wuce ta kansa. Saboda haka tafiyar a hankali ake yin ta, ana bin tsohon bakin ruwa, ana waiwaye, domin abin da ya ɓuya daga gabas yakan bayyana daga yamma.

Haƙar ma da ƙa'idarta. Mai gaggawa yakan kafa dagi ko fartanya a kan murfin, ya datse kifin biyu; wanda ya iya yakan ja baya kaɗan, ya sare ƙasa a kewaye, ya ɗago ɓangaren lakar ɗungurungum, sannan ya fasa shi da hannu. A ciki akwai kwanson, ruwan ƙasa, siriri kamar ɓawon albasa, idan aka yage shi sai ga gaiwa a naɗe, fatarta da danshi duk da watannin da ta yi ba ruwa, wani lokaci har da ɗan gurnani. Sanyin jikinta bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin haƙoranta faranti ne masu fasa katantanwa, kuma cizonta ba wasa ba ne. Idan ba a fasa lakar ba, kifin yakan ci gaba da rayuwa a ciki, abin da ya ba mutanen karkara hanyar ajiye ɗanyen kifi ba ƙanƙara ba banda, kuma ta haka ne aka riƙa kai gaiwa Turai da rai a ƙarni na 19. Ba kowa ke cin ta ba, wasu na ƙyamar siffarta, amma a lokacin da tafkuna suka ƙafe kifi ya yi tsada, ba ƙaramin rufin asiri ba ce ga gida.

Kwanakin aikin ƙididdigaggu ne. Idan aka yi sammako da yawa laka na nan da ruwa, ƙafa na nutsewa. Idan aka makara, garken shanun makiyaya da ke gangarowa fadama neman ciyawar rani sun tattake alamun, ƙasa kuma ta yi taurin da dagi ke tsalle a kanta. Akwai kuma maganar izini, domin tafki da fadama a wannan yanki suna da masu su, kuma bulama ko sarkin ruwa ne bisa al'ada ke faɗin wanda zai yi su da lokacin da za a yi. A nan ne kwatancen da ƙahoni ya tsaya: mai tsintar ƙaho abin da dabba ta yar yake ɗauka, amma duk da haka jihohi irin su Wyoming da Kolorado sun hana tsintar a wasu yankunansu daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu don kada a firgita dabbobin da sanyi ya galabaitar, mai haƙar gaiwa kuwa kifin da zai yi ƙwai a damina mai zuwa yake cirewa, abin da ya fi kare ta har yau shi ne wuyar ganinta.

Babbar barazanar dai ta fi ƙarfin dagi. Wannan kifi yana bukatar ƙasar da ruwa ke rufewa a damina ya kuma sake ta a rani, kuma wannan juyi ne madatsun ruwa suka taɓa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, dukkansu a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a wasu shekarun kafin manyan madatsun su fara tasiri, ya sauka ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason laifin. Sakin ruwa a rani kuma ya sa wasu mashigai ba sa bushewa ko kaɗan, sai ciyawar kacala ta mamaye su, ta tare laka, ta toshe hanya, ruwa ya karkata ya zauna a gonakin wasu shekara da shekaru, wasu kuma ya daina isa gare su. Shigar da Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, da dausayin Baturiya a 2008, ya jawo hankalin duniya, musamman saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan, sai dai rajista ba ta buɗe mashiga.

Fadamar da ta koma ruwan dindindin ba ta tilasta wa gaiwa shiga ƙasa, wadda ruwa ya ƙaurace wa ba ta da gaiwar ma, wadda kuma ta faɗa hannun manoman rani masu injin ban-ruwa, garma na juye ta tun kafin laka ta gama bushewa, a shuka alkama ko shinkafa ko tattasai. Wannan ya sa wuraren da dattijo ya haddace tun yana yaro ba lallai su yi wa jikansa amfani ba. Matashin da ke koyon aikin a yau a ƙasar Guri ko Kiri Kasamma sai ya haɗa da sanin mashigar da aka yashe bana, da wadda kacala ta toshe, da lokacin da aka saki ruwa daga Tiga, kafin ya san gefen da zai nufa da daginsa.