HOTO SHAIDA NE: RIBAR KWANA A DAJI DA KYAMARA A HANNU

Daga Wakilinmu

A cikin watan Afrilu na shekarar 2017, wata kyamara da masu kula da namun daji suka girke a Gandun Dajin Yankari, irin wadda takan ɗauki hoto da kanta idan wani abu ya gifta ta gabanta, ta kama hoton wani namijin damisa. Kafin wannan lokaci an daɗe da fid da tsammanin cewa akwai sauran damisa a wannan gandu. Hoto guda ɗaya tak shi ya kashe bakin gardamar, domin kuwa, kamar yadda Hausawa suka ce, gani ya kori ji.

To, amma irin waɗannan na'urori ba su da yawa, ba kuma za a iya girke su a kowace fadama da kowane tsauni na ƙasar nan ba. Abin da ke da yawa shi ne wayar hannu, wadda a yau da wuya ka sami ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin babbar makaranta da ba ya ɗauke da ita a aljihu, kuma kowace tana da kyamara. Sai dai yawancin hotunan da ke cikin waɗannan wayoyi na biki ne da suna da taron ofis. Duwatsu da koguna da itatuwa da tsuntsaye ba su cika samun rabo ba, alhali kuwa su ne ke canza kama a gaban idanunmu ba tare da an ajiye shaidar yadda suke a da ba. Mutumin da ya ɗauki hutunsa ya fita daji, ya kafa tanti, ya ɗauki hoton abin da ya gani, yana jin daɗin kansa ne, amma kuma yana yi wa na baya tanadin wani abu da ba za a iya sake samunsa ba.

ABIN DA AKA SABA GANI SHI KE ƁACEWA

Duk wanda ya girma a garuruwanmu shekaru arba'in da suka wuce ya san yadda ungulaye kan cika mahauta da rufin kasuwa, har ba a ko ɗaga kai a dube su. Yau kuwa yaro zai iya gama makarantar firamare bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Tun shekarar 2015 aka sanya irin wannan ungulu ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Haka nan gauraka, mai zanko kamar rawanin sarauta, wadda a da ake ganinta garke garke a fadamun Arewa, ta zama abin labari a wurare da yawa. Kaɗan ne suka damu da ɗaukar hotonsu a lokacin da suke da yawa, saboda mutum ba ya ganin darajar abin da ya saba da shi.

Ba tsuntsaye kaɗai ba. Itacen madobiya an sare shi da yawan gaske ana fitar da katakonsa ƙasashen waje, har ta kai ga a shekarar 2017 aka sa cinikinsa ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. Fadamun Haɗeja da Nguru kuwa sun sauya tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke rayar da su ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai da gaske a lokacin farin shekarun 1970 da 1980. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna wannan janyewa daga sama, amma ba za su nuna maka tsayin giginyar da ke bakin gaɓa ba, ko irin kwalekwalen da ke ɗaure a gindinta. Wannan sai mai tafiya a ƙasa.

Akwai misali tun daga zamanin da kyamara ba ta iso ƙasar Hausa ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bar mana zanen birnin kamar yadda ake hango shi daga kan Dutsen Dala. Har yau masana tarihi suna duba wannan zane su gwada shi da Kanon da muka sani. Ke nan abin da mutum ɗaya ya tsaya ya kalla da natsuwa ya yi amfani fiye da shekaru ɗari da saba'in.

YANKARI, MAKARANTAR ƊAN KOYO

Ga wanda yake son fara wannan sha'awa, Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi wuri ne da ya dace. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar da shi ga Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A cikinsa akwai giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gadu, ga dorina da kada a Kogin Gaji, ga kuma tsuntsaye fiye da iri 350. Masaukin baƙi yana kusa da maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ba ya tashi daga kan digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Lokacin da ya fi dacewa da ganin dabbobi shi ne rani, watau daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, kududdufai suka ƙafe, ƙishirwa ta tilasta wa namun daji gangarowa bakin Gaji. Amma mai son hoton shimfiɗar ƙasa da kanta, lissafinsa dabam ne. Hazon hunturu yakan dishe launi ya ɓoye tsaunuka masu nisa, ko da yake yakan ba da rana ja jawur da almuru wadda ke da kyau a hoto. Ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, shi ne lokacin da iska take garau, ganye kore shar, gajimare kuma yana ƙawata sama.

HASKE DA HAƘURI

Kyamara mai tsada ba ita ke yin hoto mai kyau ba. Sanin haske shi ne jarin farko. Da tsakar rana hasken yakan faɗo daga bisa kai tsaye, sai inuwa ta yi baƙi ƙirin, dutse da ƙasa kuma su fito fayau babu armashi. Sa'a guda bayan fitowar rana da sa'a guda kafin faɗuwarta, haske yakan zo ta gefe, ya fito da kowane tudu da kwari da kaushin ɓawon itace. A waɗannan sa'o'i ne kuma dabbobi suka fi fitowa. A nan amfanin kwana a daji yake: wanda ya taso daga gari bayan karin kumallo yakan iso ne bayan kasuwa ta watse.

Wajibi ne ɗan koyo ya kula da abubuwa kaɗan. Ya daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada ya karkace, kuma ba lalle ne ya raba hoton biyu daidai ba. Ya sanya wani abu a gaba, kamar kuka ko suri ko mutum, domin mai kallo ya gane girman tsaunin da ke baya. Ya guji jawo hoto da yatsa a kan waya fiye da kima, domin yin haka yakan rage tsabtarsa. Idan yana cikin mota, ya nemi direba ya kashe injin, ya ɗora kyamarar a kan 'yar jaka da aka cika da wake ko shinkafa a bakin taga, sai ta zauna daram. Da dare kuwa, in an yi nesa da fitilun gari, ana iya ɗaukar taurari idan aka kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku aka bar ta a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara a rani. A riƙa ajiye ta cikin jaka mai rufi, a hure gilashinta kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya karce shi. A tafi da batir na biyu ko abin adana caji, tun da yake daji ba shi da wutar lantarki. Sauran aikin kuwa haƙuri ne, domin tsuntsu ba ya sauka don an matsu.

DOKOKIN ZANGO

Daji yana da nasa ladabi. A Yankari ba a shiga kallon dabbobi sai da ma'aikacin gandu, ba a kuma sauka daga mota sai inda ya ba da izini. Giwa mai ɗa da ɓauna da dorina ba abokan wasa ba ne, babu kuma hoton da ya kai darajar rai. Kada a kunna fitilar kyamara a fuskar dabba, kada a jefi tsuntsu domin ya tashi, kada a taɓa sheƙa. Birai na sansanin Wikki sun ƙware wajen fizge abinci da shiga ɗakin da aka bari a buɗe, saboda haka ba su abinci domin su matso ɓarna ce ga wanda zai zo a baya.

Mai kafa tanti, a duk inda hukuma ta yarda da hakan, ya zaɓi tudu, kada ya kwana a cikin busasshen rafi ko a kan turbar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama. Ya tafi da gidan sauro da ruwan sha isasshe. Tufafi masu launin ƙasa sun fi, domin shuɗi da baƙi suna jawo ƙudan tsando. Wuta kuwa a kashe ta ƙurmus kafin a tashi, domin garwashi ɗaya a watan Janairu ya isa ya cinye daji. Idan wurin yana kusa da ƙauye, a fara gai da mai gari, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

Har ila yau akwai maganar tsaro, wadda ba za a yi mata rufa-rufa ba. Dajin Sambisa gandun namun daji ne tun asali, amma kowa ya san abin da ya zama. Dazuzzukan Kamuku da Rugu su ma sun sha fama da 'yan bindiga. A Jamhuriyar Nijar, a watan Agusta na 2020, an kashe mutum takwas a yankin Kure, inda baƙi ke zuwa kallon raƙuman dawa. Saboda haka kada kowa ya ɗauki jaka ya nufi daji sai ya tuntuɓi hukumar wurin ya ji halin da ake ciki a wannan mako, ya kuma shaida wa iyalinsa inda za shi da ranar dawowa. Rigakafi ya fi magani.

Wani hatsari kuma ɓoyayye ne. Wayar zamani takan liƙa wa hoto bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi. Wanda ya watsa hoton giwaye a intanet nan take tare da wannan bayani yana iya zama ɗan jagoran maharban hauren giwa ba da saninsa ba. Hoton dabbar da ake farauta, a cire masa wannan bayani kafin a nuna wa duniya.

A RUBUTA RANA DA WURI

Abin da ke mayar da hoto shaida shi ne rubutun da ke tare da shi. Hoton fadama wanda ba a san sunanta ko shekarar ɗaukarsa ba ado ne kawai. Ya kamata mai wannan sha'awa ya riƙe ɗan littafi inda zai rubuta rana da wata da shekara, da sunan wurin kamar yadda mutanen yankin ke kiransa, da kusurwar da ya fuskanta. Mafi amfani duka shi ne ya zaɓi wuri guda, ko da bayan garinsu ne, ya riƙa komawa kowace shekara a wata ɗaya, ya tsaya a kan dutse ɗaya, ya ɗauki hoto iri ɗaya. Bayan shekara goma zai ga da idonsa ko zaizayar ƙasa ta ƙaru, ko itatuwa sun ragu, ko kuwa dashen da aka yi ya kama.

Masana kimiyya da kansu da hoto suke aiki. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda ba su wuce 49 ba a 1996, sun haura 600 bayan kimanin shekaru ashirin, kuma da hoto ake ƙidaya su, domin zanen jikin kowane ɗaya dabam yake da na ɗan'uwansa. A nan gida kuwa, cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ta soma shirin tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya a 2015, shirin da ya dogara ga 'yan sa kai, da yawansu ɗalibai, masu aika rahoton abin da suka gani a yankunansu. Ƙofa a buɗe take ga duk mai sha'awa.

Saura ajiya. Waya takan ɓace, takan faɗa ruwa, a yi asarar aikin shekaru cikin ƙiftawar ido. A kwafi hotuna a wuri biyu, a kuma wanke mafi kyawunsu a takarda a rubuta bayani a bayansu. Yana da kyau makarantu su kafa ƙungiyoyin ɗaukar hoto masu fita rangadi lokacin hutu, ɗakunan karatu da gidajen tarihi na jihohi kuma su tanadi wurin karɓar irin waɗannan hotuna daga hannun jama'a. Ma'aikacin da ke shirin hutun shekara da ɗalibin da ke jiran ƙarshen zango ba sai sun jira sayen babbar kyamara ba. Su fara da wadda ke aljihunsu, da kukar da ke bakin garinsu, tun tana tsaye.